Cajar Inna Ta Kama Da Wuta

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman Fatakwal? Ya Anti Hadiza da yara? Mu nan mun fara cirar gyaɗa.

Na san kana ta kiran Inna ba ka samu. Cajar nan mai araha da na sayo mata a Bici ce ta kama da wuta ranar Talata. Bayan la'asar ta jona wayar a kan katifa, ina tsakar gida na jiyo ƙauri. Kafin in shiga ta fizge cajar da hannu, yatsunta biyu suka ƙone. "Ba komai, Rabi," take ta cewa, amma ta hana a sake jona wayar.

Hankalina ya ƙi kwanciya, Yaya, ni na sayo ta. Na zaga shaguna uku, kowa rantsuwa yake tasa ce mai kyau, ni kuwa ban iya ganewa ba. Don Allah ka tambayi wanda ya sani, ka aiko mana da wadda aljihunka zai iya. Inna na kewar muryarka.

Ka sa ta a addu'a. Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Rabi