Ni Na Fitar da Hoton Yarinyar Daga Zaurenmu na Malamai

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya saka da alheri. Don Allah a ɓoye sunana da lambata. Ina roƙon duk wanda zai ce wani abu ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya zage ni, don zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini, ranar Laraba mai zuwa za a yi zaman.

Ni malamin firamare ne. Ina zaune a Tudun Wada cikin Gusau, ina koyarwa a wata makaranta ta wajen Karakkai a ƙaramar hukumar Bunguɗu, kullum a kan babur nake zuwa in dawo. Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da alli. Karatuna bai wuce NCE ba, ita ma da ƙyar na haɗa ta, ba na ɓoyewa. Shekara uku da suka wuce na buɗe mana zaure a waya, mu malaman firamare, don mu riƙa taimakon juna. Wanda ya rasa yadda zai tsara darasi ya tambaya, wanda ya ji labarin bita ya sanar, wanda ya rubuta tambayoyin jarrabawa ya raba wa sauran. Mu goma sha ɗaya muka fara. A hankali malaman Gusau da na Tsafe suka shigo, har da wasu masu koyarwa a kwaleji. Ni ne admin, kuma ni na rubuta dokokin zauren da hannuna. Ta farko, ba a saka fuskar ɗalibi ko allon sunan makaranta. Duk wanda ke zaune a yankinmu ya san dalili, iyaye ba sa son a san inda 'ya'yansu ke taruwa da safe saboda mutanen daji, masu satar mutane. Ta biyu, abin da aka saka a zaure ba ya fita waje. Ku riƙe waɗannan dokoki biyu, don a kansu na faɗi.

Akwai wani matashin malami, zan kira shi Malam Nura, ba shi ne sunansa ba. Lokacin yana kwaleji, a ajina ya yi koyon aikin koyarwa. Ni nake goya shi a babur, matata takan zuba mana abinci na mutum biyu a kwano ɗaya. A wurina ya ga yadda nake yanka kara guntu-guntu in ba yara su yi ƙirge da shi. Da ya gama ya samu aiki a wani ƙauye na ƙasar Tsafe, ni kuma na saka shi a zaure da hannuna, har na gabatar da shi da cewa ɗana ne. To shi sai ya ɗauki karan nan ya ƙara masa abin da ni ban taɓa tunani ba a shekarun nan duka. Ya riƙa ɗaure kara goma-goma da yankin robar taya, ya ce wa yara kowane ɗauri dami ne, kamar na hatsi. In za a cire bakwai daga talatin da biyu, ga dami uku da kara biyu a warwatse, biyun ba za su isa ba, sai ya ce, "To mi za a yi?" yara su amsa da ƙarfi, "A kwance dami!" Shi ke nan. Lissafin aro da nake shan wuyarsa zango guda da 'yan aji uku, shi a mako biyu yake gama shi, don ɗan manomi ya san dami tun kafin ya san lamba. Sai ya riƙa ɗaure wayarsa a jikin sanda, ya sunkuyar da ita kan tabarma, ba ka ganin komai sai hannayen yara da kara, ya saka a zaure. Kuma wallahi babu bidiyon da bai fara da cewa, "Wannan a wurin babana na aiki na koyo tushensa" ba, ya ambaci sunana.

To me ya rage mini? Me nake nema bayan wannan? Ni ma ina tambayar kaina. Amma duk sanda ya saka abu, kafin azahar an yi masa addu'a ta fi hamsin, wannan ta turo hoton damin ajinta, wancan ya ce Allah ya ƙara basira. Ni kuwa in na kwana biyu ina rubuta tsarin darasi na saka, sai mutum biyu ko uku su ɗaga mini babban yatsa, su wuce. Na gwada yin nawa bidiyon wata Asabar a ɗaki, na yi na goge har sau bakwai, sai da matata ta leƙo ta ce, "Malam, wai da wa kake faɗa a nan?" Na yi dariya, amma abin ya zauna mini. Abin kunyar, ni ma da lissafin damin nake koyarwa a ajina, yana kuma ci, amma ban taɓa rubuta masa ko "sannu" a zaure ba. In ya kira ni ya ce, "Malam ka ga na jiya? A gyara mini," sai in ce data ta ƙare.

Ranar da abin ya kai mini iya wuya ita ce ranar wata bita a Gusau. Wata malamar kwaleji da ke zaurenmu ta gayyace shi ya nuna wa malamai yadda yake yi. Shi yana gaba da tabarmarsa, ni ina can layi na shida. Ana ta tafi, sai wata malama da ke gefena ta juyo ta ce mini, "Baba, kai ma kana cikin zauren Malam Nura? In ba ka ciki ba ni lambarka in sa a saka ka, za ka ƙaru sosai." Zauren Malam Nura. Zauren da na buɗe da wayata mai fasasshen gilashi, na yi shekara uku ina share shirmen 'yan talla da 'yan siyasa daga cikinsa. Na ce mata, "Ina ciki." Ko abincin bitar ban iya ci ba. Shi kuwa da aka tashi ya ratso mutane ya durƙusa ya gaishe ni a gaban kowa, ni kuma zuciyata na ce mini har durƙuson ma don a gani ne.

Bayan kamar mako uku ya saka wani bidiyo. Wata yarinya ta kwance dami ta samu amsa daidai, don murna sai ta sunkuyo ta leƙa wayar tana dariya, fuskarta ta fito kamar ƙiftawar ido. Bai lura ba, sauran ma ba wanda ya lura. Ni na lura, don ni ba darasi nake kallo ba, kuskure nake nema. Aikina na admin shi ne in kira shi in ce ya goge, ko in goge da kaina, minti ɗaya bai ɗauka. Maimakon haka na tsayar da bidiyon daidai fuskar, na ɗauki hoton wurin na ajiye. Na ce wa kaina ai hujja ce kawai nake ajiyewa. Hujjar me? A kan wa? Kwana huɗu hoton yana wayata ina buɗe shi ina rufewa.

Ranar Juma'a bayan la'asar na zauna a majalisarmu ta bakin tasha. Akwai wani direba da muke zama da shi, in kira shi Alhaji Lawwali, yana jigilar Gusau zuwa Tsafe, kuma na san ɗan ƙauyen da Malam Nura ke koyarwa ne. Ba zan ce muku tsautsayi ba ne, don saboda shi na je. Na miƙa masa wayar na ce, "Alhaji, wannan ba 'yar garinku ba ce kuwa?" Ya karɓa ya matso da ita kusa da ido, sai ya miƙe tsaye. "Kai! Wagga ai Balkisu ta, ɗiyar ƙanena! Mi ya kai ta cikin waya?" Na ce malaminsu ne ke ɗaukar yara yana sakawa. Ya ce, "Wa ke gani?" A nan ne na yi wadda ta fi duka muni. Na san zaure ne na malamai kaɗai, na san ba mai shiga sai na yarda, amma na buɗe baki na ce, "Alhaji, abin da ya shiga waya ai duniya ya shiga. Wa ya san wa ke gani? An ce ma wasu biyansu ake yi." Ba wanda ya ce, ni na ce. Ya ce, "Turo mini." Na tura. Na ce kada ya ce daga wurina ya samu, ya ce, "Haba Malam, kai da ka yi mana rana."

Ina tsammani iyakarta a kira Malam Nura a yi masa faɗa, ya ɗan yi sanyi, zaure ya dawo hannuna. Wallahi iyakar abin da nake so ke nan, ko da yake shi ma ba ƙaramin mugun nufi ba ne. Amma kafin Litinin hoton ya zagaye garin, maganar ta koma wai malami na sayar da hotunan yara, wai ana nuna wa mutanen daji hanyar makaranta. Mutanen da suka taɓa kwana a jeji saboda tsoro, wa zai ga laifinsu? Ajin da ke cika har ana zama a bakin ƙofa ya koma yara tara. Mahaifin Balkisu ya rantse ba za ta sake taka makarantar ba. Hedimasta ya ba Malam Nura takardar tuhuma, aka ce ya dakata da shiga aji sai an yi zama da iyaye da wakilin ofishin ilimi. Ya goge duk bidiyonsa daga zaure, ya rubuta layi ɗaya: "Ku yafe mini, na saɓa doka ba da sanina ba." Ni kuma, don ku san irin mutumin da ke muku rubutu, a makon nan na saka nawa bidiyon. Mutum huɗu suka amsa. Uku daga ciki tambaya suke, ina Malam Nura?

Shekaranjiya da yamma ya zo gidana, ya rame har rigarsa na yi masa yawa. Ya kawo wa yarana gyaɗa a leda kamar yadda ya saba. Matata ta kawo masa fura ya kasa sha. Ya ce, "Malam, laifina ne, da na duba bidiyon da kyau da ba a kai nan ba. Ni aikin ma ba shi ya fi damuna ba. Yarinyar nan ita ce ta ɗaya a ajin, ka ga ranar da ta gane aro kamar an ba ta kyautar saniya. Yanzu ta zauna gida saboda ni." Na ce Allah ya kyauta. Sai ya ce, "Alfarma biyu na zo nema. Ka zo zaman Laraba ka gaya musu zauren na malamai ne kaɗai, ba a biyan kowa ko sisi, kai ka rubuta dokokin, kai dattijo ne za su ji maganarka. Ta biyu, ka taimaka ka bincika mini wa ya fitar da hoton. Ba rigima zan yi da shi ba, so nake in san mi na yi mashi, in ba shi haƙuri." Na dube shi na ce, "In sha Allahu zan zo." Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Na san ba ni da kamarka." Da ya tafi matata ta ce, "Allah ya tona asirin wanda ya yi wa bawan Allah nan haka." Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Ga inda na tsaya. Alhaji Lawwali shi ne zai yi magana a madadin iyaye a zaman nan, shi da kansa ya gaya mini yana alfahari. In na je na tsaya na ce zauren a rufe yake kuma ba a biyan kowa, zai dube ni ya ce, "Ba kai ka ce mini duniya na gani ba?" a gaban hedimasta da wakilin ofis da yaron da ke kirana baba. Shekara goma sha tara na mutunci su tafi a zama ɗaya, zauren ya watse, ƙila ni ma a ba ni tawa takardar, kuma ban san da wane ido zan dubi matata ba. In kuma na ƙirƙiro ciwo na ƙi zuwa, ba mai wanke Malam Nura, za su iya raba shi da aikin, Balkisu da sauran yaran su zauna gida ke nan. Na yi tunanin in sami Alhaji a ɓoye in roƙe shi ya rufa mini asiri in gyara maganar, amma ashe ba wata ƙaryar zan sake ɗorawa ba? Na yi tunanin in je Tsafe kafin Laraba in gaya wa Malam Nura shi kaɗai, sau biyu ina tayar da babur ina kashewa. Na yi istigfari, amma na san wannan hakkin mutum ne, ba ya faɗuwa sai mai shi ya sani ya yafe.

Jiya a aji na ba yara talatin da biyu a cire bakwai, na ce to me za a yi, suka amsa gaba ɗaya, "A kwance dami!" Sai da na fita waje na tsaya bayan aji.

Ba na neman a ce mini ba komai, na san da komai. 'Yan uwa, musamman malamai da iyaye, in fara zuwa wurin Malam Nura, ko in bari sai a gaban jama'a inda na ɓata shi? Saura kwana huɗu, kuma ya sake kirana da safen nan yana tambaya ko zan zo da babur ne ko ya biya mini mota. Me zan yi?