Saiwar Harawa a Ƙasar Dalma

Tsiga,
ta Bakori,
12 ga Maris, 1985.

Zuwa ga ɗana Yunis,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan kana lafiya, kai da matarka Judith da yara. Allah ya kiyaye ku daga sanyin Ingila, ya ba ka sa'ar karatu. Mu nan da sauƙi. Innarka Hansai ƙafar nan tana damunta, amma tana lallaɓawa zuwa sujada. Rahab matar ɗan'uwanka Istifanus ta sauka lafiya, an sami mace, kuma Rahab ɗin ce ke riƙe da alƙalamin nan, tunda ka san ni ban taɓa zama a aji ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sa wa maganata zuma. To bayan gaisuwa, Yunis, ina da ƙara a kanka, kuma ta daɗe a cikina. Shekara huɗu da wata uku ke nan da ka zo Kirsimeti, ka tsuguna a fadamata da wandonka mai guga, ka tono saiwoyi ka zuba a gwangwanin madara, ka ce in ka auna za ka rubuto mini. Hotuna sun zo, rigar sanyi ta zo, na gode. Amma kan saiwar nan ko uffan. Ni da na riƙa goya ka ina ƙetare rafi da kai zuwa makarantar mishan bayan rasuwar ɗan'uwana ubanka, ban zaci zan roƙi layi biyu a hannunka har in gaji ba.

Bari in tuna maka, ko karatu ya ture maganar daga kanka. Malamin gona ne ya kawo mana irin ciyawar nan da suke kira alfalfa, mu kuma muka sa mata harawar Bature, mai shuɗin fure, wadda ake yanka ta sake tohowa. Na shuka ta a fadama saboda shanun huɗata biyu, Jatau da Fari. Ka san al'adarmu, da rani mukan kwaso takin bola daga gari. A shekarar wani direba ya kawo mini lodi guda daga Funtua, daga bayan rumfunan masu gyaran batirin mota. Baƙi wuluk, ga nauyi, mangala ɗaya sai da jaki ya durƙusa. Na yi murna, na ce taki mai nauyi shi ne mai ƙarfi. Malam Abubakar maƙwabcina ya roƙi mangala biyu, na hana shi, na juye duka a fangalin da ya fi kyau a fadamar. Na ga wasu ɓarɓashi masu toka-toka, in ka kankare su suna ƙyalli, ban kula ba. Ashe dalma ce na binne da hannuna. Rowata ce ta ceci gonar Malam Abubakar, har yau kuma in mun haɗu sai ya yi mini godiya, don dai ya ji haushina.

Ciyawa ta fara rawaya, ta tsugune. Da na tumɓuke, saiwar da ya kamata ta kai tsawon hannuna, da 'yan ƙulle-ƙulle irin na gyaɗa, sai na ganta guntuwa kamar babban yatsa, baƙa, bakinta ya kumbura, babu gashi ko ɗaya. Amma a cikin duk fangalin nan, guda bakwai suka tsaya kore shar, kamar ba abin da ya same su. Su na nuna maka. Ka ce dalma ba ta ruɓewa, ruwa kuma ba ya wanke ta. Ka ce saiwa tana ganewa in ta ci karo da guba, kuma kowace tana da abin da ta gada daga uwarta, a rubuce can cikinta inda ido ba ya kaiwa, shi ke gaya mata yadda za ta yi. Wata takan rufe ƙofa ta hana dalma shiga. Wata takan sha ta ɗaure ta a ƙasa. Wata kuwa takan aika da ita sama har cikin ganye, ta kuma tsaya kore abinta. Ka ce sai da na'ura ake rarrabewa. Ban manta ko kalma ɗaya ba, ka ga rashin boko ba rashin kunne ba ne.

Bayan tafiyarka da wata biyu Jatau ya makance. Ya riƙa cizon haƙora, yana dafara da baki, ya je ya dafa goshi a jikin rumbu ya tsaya haka kwana uku, sannan ya faɗi. Malamin dabbobi ya ce alamar dalma ce, amma bai san ko a ciyawa ya ci ta ba, ko kuwa ɓarɓashin ya lasa a ƙasa. Tun ranar ban ƙara ba Fari ko ganye ɗaya daga fadamar ba.

Kowa ya ce in ƙone wurin in huta. Na ƙi. Na tara irin bakwai ɗin nan kamar yadda muke zaɓen zangarniyar dawa, na sake shukawa a wurin, wadda ta rayu in sake ɗaukar irinta, don na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. An yi mini dariya har a bakin coci, wai Mudi yana noman abin da ba ya ci, ba ya sayarwa, ba ya kuma ba dabba. Yau ga shi fangalin ya cika, saiwar ta kai kamu guda, ko da yake har yanzu da duhu a jikinta. Na yanka, na shanya, na jibge a kan rumfa. To amma wace iri ce na raya? Mai rufe ƙofa, ko mai kai guba ganye? Malamin gonar da ya kawo irin an yi masa canji, sabon kuma ya ce in rubuta ofis. Na sa an rubuta musu sau biyu, shiru kake ji.

Abin da ya sa na matsa yanzu shi ne, ruwa ya ɗauke mana da wuri bara. Gyaɗa ba ta yi ba, harawar wake ta ƙare tun watan jiya, dusa kuwa mutane ke ci. Karan dawa kaɗai ya rage, shi ma Istifanus ya ce ba zai wuce mako biyar ba. Fari ya rame har kana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin zaure. Kullum sai ya ɗaga kai yana sansanar rumfar nan yana kuka, ni kuma in juya baya. Hansai ta ce in ba shi, ai yunwa ma kisa take yi. Istifanus ya ce ko in ba shi ko in kira mahauta tun yana da sauran nama. Na gwada da akuya mako guda, ba abin da ya same ta, amma kai ka ce dalma a hankali take taruwa a jiki, to akuya ba ta gaya mini komai ba. In na ba shi ya makance, ni na kashe shi. In na hana shi ya mutu, alhali ciyawar lafiya lau take, na zama kazar da ta kwana a kan dami da yunwa. In kuwa babu Fari, babu huɗa bana, don bayana ya daina ɗaukar garma.

Hansai tana gaishe ka, da Istifanus, da gwaggonka Matta ta Dandume, da 'yar'uwarka Ladidi. Ka gaishe mini da Judith, ka shafa kan yara. Rahab ta ce takarda takan yi mako biyu kafin ta iso gare ku, mako biyu kuma ta dawo, ka ga ke nan ba ka da ranar ɓatawa. In gwangwanin ya ɓace, faɗa mini, ba zan tsine maka ba. In ka auna ka ga abin da ba shi da daɗin faɗa, na binne 'ya'ya uku, zan iya ɗauka. In ba ka sani ba, kai wa malaminka takardar nan, ka ce wani tsoho a Tsiga yana tsaye tsakanin bijimi da rumfar ciyawa. Ba dogon Turanci nake so ba. Wani daga cikinku ya rubuto mini: in ba shi, ko kada in ba shi.

Ni ne babanka,
Mudi.