Jar Ƙasarku da Ƙofar Gidanmu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gyaran Layi na unguwarmu, nan Dakoro.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan Alhaji yana lafiya, da iyali, da sauran 'yan kwamiti masu yi mana hidima ba gajiya. Ni ne Isuhu Tela, mai gidan ƙasan nan na ƙarshen gangare. In Alhaji bai tuna gidan ba, ba laifinsa ba ne, rabinsa yana ƙarƙashin aikinku.

Na yi ta sallama a ƙofar Alhaji kan maganar nan, kullum amsar ɗaya ce: ai kaɗan-kaɗan ake ƙarawa, ba wani abu ba ne. Shi ya sa na rubuto a fili, don jama'a su taya ni godiya, tunda kun koya mini ma'anar kalmar da na ɗauka na sani tun ina yaro.

Na farko. A sanina na tela, kaɗan-kaɗan shi ne yadda nake sakin rigar yaro in ya fara girma. Haka mahaifiyata, Inna, take ƙara ruwa a fura. Mai yin hakan idonsa yana kan abin, in ya isa sai ya tsaya. Naku kaɗan-kaɗan ɗin ba shi da wurin tsayawa. Duk shekara, da hadari ya fara haɗuwa, sai amalanke su zo da jar ƙasa, a zuba a layi, a baje, a yi addu'a, a watse. Ta bana a kan ta bara, ta bara a kan ta bariya. Ban taɓa ganin ranar da aka kankare tsohuwa kafin a zuba sabuwa ba. Ko sau ɗaya ba ku yi ƙarya ba kuwa, don kowace shekara kaɗan ce kuka zuba.

Na biyu. Lokacin da mahaifina ya gina gidan nan, hawa ake yi a shiga zaure. Yanzu gangarawa ake yi, kamar mai shiga rijiya. Na gode da girman da kuka jawo mini, don babu mai shigowa wurina sai ya rusuna. Wani dogon Buzu da ke kawo mini ɗinki daga garin Rumbu duk ranar kasuwa ya bar rawaninsa a saman ƙofa, ya ce shi kam ya gaji da gaishe ni dole, ya koma wurin wani tela. Awakin maƙwabta kuwa daga layi suke leƙo tsakar gidana ta kan katanga, su ga abin da aka ɗora.

Na uku, ruwa. Alhaji ya ɗaga ƙofar gidansa da siminti, Allah ya ƙara buɗi. Masu hali na sama da mu duk sun yi haka. Ruwan sama kuwa ba ya zuwa taron kwamiti, inda ya ga gangare nan yake bi, kuma gidana ne gangaren. Daminar da ta wuce, ruwa ya shigo zaure ya jiƙe kayan mutane, na ɗora keken ɗinki a kan turmi ina kwasar ruwa da ƙwarya. Gindin bangon ɗakin Inna ya zaizaye har hannu yana shiga. Da na kawo kuka, Alhaji ya ba ni shawara mai kyau, ya ce ni ma in riƙa ƙara ƙasa daga ciki, kaɗan-kaɗan. Na bi shawara. Yanzu in na miƙe tsaye a zaure hulata tana gogar azara. Abin da ya rage shi ne Alhaji ya gaya mini wanda zan je wurinsa ya rage mini tsawo.

Na huɗu, kuma a nan ba ni da abin dariya. Idon Inna ya tafi da daɗewa. Da ƙafa ta san gidan nan, da ƙafa take fita dakalin ƙofa ta sa tiren gyaɗarta, tana hira da masu wucewa. Dakalin ya nutse. Ƙofar kuma duk shekara sai ta sauya mata, abin da ƙafarta ta haddace bara ba shi ne bana ba. Bayan zubin ƙarshe ta yi tuntuɓe da tudun da kuka bari, ta faɗi a kan ƙugunta. Tun ranar ba ta sake ganin waje ba. Wannan abu yana ci mini rai, Alhaji, kuma ina jin haushinku ƙwarai.

Kwanan baya aka yi rasuwa a layinmu, ta ji wucewar masu ɗauke da makara. Sai ta kira ni ta ce, "Wai Isuhu, in ta Allah ta kasance, ta ina za ku hidda ni?" Na je na tsaya na dubi ƙofar zauren da idon mai awo. Mutum huɗu da makara a kafaɗa ba za su fita ta nan ba.

Don haka ga roƙona. A bana kada a zuba mana ko cikin shebur. A kankare abin da aka tara daga ƙofata zuwa kwanar masallaci, a haƙa wa ruwa hanya ya bi ta fili. Ba sai an yi kaɗan-kaɗan ba, a yi shi gaba ɗaya kafin ruwan farko, don bangon nan ba zai ga ƙarshen wata damina ba. In kuma kwamiti ya ga roƙon ya yi yawa, to Alhaji ya zo da kansa, ya rusuna ya shigo, ya ba Inna amsar tambayarta, don ni na kasa.

Allah ya ja kwanan Alhaji, ya ƙara masa lafiya da ɗaukaka, ya sa ranar da za a fitar da kowannenmu a sami ƙofar da za a bi da shi.

Wassalam.

Isuhu Tela,
gidan ƙarshen gangare, Dakoro.