Kada a Sayo Irin Tafiretar Malam Garba

Zuwa ga Alhaji Babban Akawu,
Ofishinmu na Ƙanƙara.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan kuma an dawo daga Faskari lafiya.

Sunana Saude, ɗiyar Malam Isa na 'Yargoje. Ni ce yarinyar da ke buga tafireta a ɗakin baya, mai tagar da ke kallon bishiyar bedi. Na san ba ka san muryata ba. Wata takwas ke nan ina aiki ƙarƙashinka, ban taɓa wuce "ina kwana" ba, ita ma kaina a ƙasa. Shi ya sa na rubuto. Kwafi biyu na yi, ɗaya naka, ɗaya zan liƙa a allon sanarwa na bakin ƙofa, don 'yan matan da aka ce za a ɗauka aiki bayan salla su gani, su da iyayensu.

Kafin in kai ƙarar kowa, bari in fara kai ƙarar kaina. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Gwaggona da muke kwana ɗaki ɗaya. Kullum in maza suka tafi masallaci da Azahar, nakan yi tawa sallar da sauri a ɗaki, sannan in ɗauko takardun da aka ɓata, in juya bayansu, in riƙa buga labarin soyayya nawa na kaina. Littattafan da malamarmu ta firamare take ara mini ne suka sa mini wannan hali. Labarin wata yarinya ce da wani malamin gona mai babur, kuma har yanzu ban bari sun yi wa juna magana mai tsawo ba, don ni kaina kunya nake ji. Na san takardar gwamnati ce, kuma lokacin gwamnati ne. Na san za ka iya sallamata a kan haka. Na faɗa ne don in na ɓoye wannan, sauran maganar ba za ta fahimtu ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Litinin na ji ka a baranda kana gaya wa baƙinka cewa kuɗin arzikin man fetur da ƙasa ta samu sun iso har ofishinmu, za ka Kaduna ka sayo tafireta shida, kuma irin ta marigayi Malam Garba za ka sayo sak, wato wadda nake aiki da ita yanzu. Ka ce ita ce ta faɗo daga bayan mota a hanyar Sabuwa, ta mirgina cikin kwazazzabo, aka ɗauko aka kaɗe ta, ta ci gaba da aiki kamar ba a yi ba. Ka ce kai in za ka sayi abu, ɗaga shi kake yi ka ji nauyinsa, ka ƙwanƙwasa ka ji amonsa, yadda mahaifinka ya koya maka sayen turmi da garma. Duk suka yi dariya suka ce gaskiya ne. A lokacin ina ciki, hannuwana biyu cikin kwanon ruwan ɗumi.

1. Aikin da take sa mutum.

Ranka shi daɗe, ban musa ƙarkonta ba. Za ta binne mu duka. Amma kai ɗaga ta ka taɓa yi, ba ka taɓa wuni a gabanta ba. Tun da aka fara shimfiɗa kwalta da gine-ginen makarantu, takardun da ke zuwa tebur ɗina sun ninka. Kowace takarda kwafi biyar ake so: na fayil, na Faskari, na Sabuwa, na Kaduna, da naka. Kafin rubutu ya ratsa kabon huɗu ya fito a takarda ta biyar, sai na doki kowane harafi kamar ina sussuka. Haruffanta suna da tsawo, suna da tauri, layinsu hawa-hawa ne kamar matakalar soro. Harafin "a" kuma ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu yake, wanda ya fi kowane yatsa rauni, ga shi a Hausa ba ka tafiya taku biyu ba ka taka shi ba. Teburin ma na maza ne. Tsofaffin fayil biyu nake ɗorawa a kujera kafin gwiwar hannuna ta kai.

2. Hannuna.

Wata uku ke nan ina tashi da safe yatsu biyu na hagu a mace, sai na yi ta yarfe su kafin in iya alwala. Na saki kwanon tangaran na Gwaggo ya fashe, ban ma ji lokacin da ya bar hannuna ba. Da ni ke yi wa yaran gidanmu kitso, yanzu sai in kama gashi in rasa ko na kama. Gwaggo ta shafa mini man kaɗanya, ta ɗaure da tsumma. Malamin asibiti ya ba ni ƙwaya, ya ce maganin gaske shi ne in bar abin da ke jawo shi. In bar shi in koma ina? Babana shi kaɗai ya tsaya a 'Yargoje ya ce ɗiyarsa za ta yi aikin ofis, aka yi ta masa magana.

A littattafan da nake karantawa, kullum akwai wurin da ake riƙe hannun yarinya. Ka gafarce ni, har fuskata ta yi zafi da na buga wannan layin. Ban ce ina da wani ba, wallahi ba ni da kowa. Amma ina so in ranar ta zo a ce na ji an riƙe.

3. Malam Garba.

Ban taɓa ganinsa ba. Ya rasu da daminar bara, kafin a ɗauke ni. An ce da wannan tafiretar ya yi aiki a Sabuwa, aka mai da shi Faskari ya tafi da ita, aka dawo da shi Ƙanƙara ya dawo da ita. Haruffanta da yawa sun goge, saman kowanne ya lotsa daidai kan yatsansa. Ranar da na fara aiki, yatsuna iyo suke yi cikin ramukan nan, don nasa manya ne. Satin da ya wuce na lura sun zauna daram. Ban sani ba ko ramukan ne suka tsuke, ko yatsuna ne suka buɗe. Na daɗe ina kallonsu.

Baba Audu masinja, wanda ya yi shekaru yana kai wa Malam Garba takardu, ya fara tsayawa bakin ƙofata yana saurare. Ya ce kowane mai bugu da tafiyar hannunsa, kamar yadda ake gane mai daka daga bayan katanga. Ya ce da na zo, bugun tsoro nake yi, kamar kaza na tsattsagar tsaba. Yanzu kuwa, wai sau uku da sauri, a ɗan tsaya, a sake uku, sannan ƙararrawar ƙarshen layi ta buga. Wai haka marigayin yake yi, don yana hutar da yatsan da ke masa ciwo. Ni ba wanda ya koya mini. Rannan da rana tsaka Baba ya turo ƙofa yana cewa, "Malam, ga takardun Sabuwa," sai ya gan ni. Ya tsaya, ya yi a'uziyya, ya ajiye takardun a ƙasa maimakon a tebur, ya fita da baya.

Da na matsa masa, ya gaya mini shi yana cikin waɗanda suka yi wa Malam Garba wanka. Ya ce sun miƙar da ƙafafu, sun miƙar da hannuwa, amma yatsun nan takwas sun ƙi. A lanƙwashe suke, a jere, kamar an ɗora su kan haruffa ana jiran a ce fara. Haka aka sa shi a likkafani. Ya ce shekara biyu kafin rasuwarsa matarsa ke yanka masa loma, carbi ma sai dai a rataya masa a wuya. Kowa a ofis ya ɗauka tsufa ne. Ranka shi daɗe, an ce bai kai ka shekaru ba.

4. Abin da ya faru ranar Laraba.

Nan ne laifina ya shigo. An tafi masallaci, ofis ya yi tsit, ko kurciyar da ke kan bedi ta yi shiru. Ina buga labarina, na kai wurin da malamin gona ya tsai da babur bakin rijiya zai yi wa yarinyar magana. Idona a rufe yake, don haka nake yi in ina son in ga wurin sosai. Na san abin da na sa a bakinsa, har yanzu ina iya maimaita shi. Ƙararrawa ta buga, na buɗe ido. Abin da ke kan takardar shi ne: Ranka shi daɗe, yatsuna sun daina jin ɗumin tuwo.

Ba kuskure ko ɗaya a layin. Na leƙa baranda, ba kowa sai takalman roba na mai shara. Na ce wa kaina gyangyaɗi ne ya ɗebe ni, hannuna ya faɗi abin da bakina ya kasa. Na ninke takardar na sa a cikin ɗankwalina.

Washegari na roƙi Baba Audu ya taya ni ɗaga tafiretar in share ƙarƙashinta, don ni kaɗai ba na iya motsa ta. Ka san dokar ofis, ba a yar da kabon sai ya yi fari fat. Ƙarƙashin guntun bargon da take zaune a kai muka tarar da kabon goma sha ɗaya, sababbi, kowanne sau ɗaya tak aka buga shi. Sabon kabon kuwa yana riƙe duk abin da aka buga a kansa, in aka ɗaga shi ga haske. Na kai su taga ɗaya bayan ɗaya. Duk wasiƙa ɗaya ce aka yi ta sake tsarawa, zuwa gare ka, daga Malam Garba, yana roƙon a canza masa tafireta. Ya yaga wasiƙun, amma bai iya yar da kabon gwamnati ba, bai kuma iya barin wani ya gani ba. A na bakwai na ga layin nan na ɗumin tuwo, kalma da kalma.

Ban taɓa ganin kabon nan ba kafin ranar. Na rantse da wanda raina ke hannunsa.

Baba Audu ya ce a kira malami a yi turare a ɗakin. Ni ban ce iska ce ba, ban ce fatalwa ba, Allah ya jiƙan bawansa yana inda yake. Wataƙila duk wanda ya zauna gaban ƙarfen nan ya daɗe, magana ɗaya zai ƙare da ita. In haka ne, abin ya fi ba ni tsoro, don shida za ka sayo, kuma yara shida za a zaunar.

Ga roƙona, cikin ladabi.

Ka tafi Kaduna da mai bugu. Ba lallai ni ba, ko Malam Lawal mai bugun ofishin Faskari ya isa. A kanti a sa masa takarda biyar da kabon huɗu, ya buga shafi guda cur, ba layi ɗaya ba, don a layin farko kowace tafireta daɗi gare ta. In ya gama ka dubi hannunsa, ka tambaye shi ƙaramin yatsansa. A nemi wadda haruffanta ke sauka ba gardama su dawo da wuri, layinsu kusa da juna, samansu da faɗi. Jikinta ya zama ƙarfe, don kada ta riƙa tafiya a kan tebur. Ban ce a sayo 'yan ƙananan nan masu launi da na gani a shagon Funtuwa ba, su tsalle suke yi kamar kwaɗo, wata shida sun watse. Mai aiki da lantarki ma ba ta da amfani gare mu tunda wuta ba ta iso ba. Akwai mai ƙarko da ba ta cin hannu, sai dai ba a gane ta da ɗagawa.

A kira kafinta ya rage ƙafafun teburan da 'yan mata za su zauna.

Wannan tafiretar kuma a kai ta sito a rufe. Kada a tura ta Sabuwa a ce an yi musu kyauta.

Kabon Malam Garba suna hannun Baba Audu. Ka karɓa ka ɗaga su ga taga da kanka. Wasiƙarka ce, ta daɗe tana jiranka.

Hukuncin takardun da na ɓata da labarina kuwa yana hannunka, duk abin da ka yanke na ɗauka. In sallamata za ka yi, ina roƙo a bari in gaya wa Babana da bakina kafin takarda ta riga ni zuwa 'Yargoje.

Allah ya ja zamaninka, ya kai ka Kaduna lafiya ya dawo da kai lafiya, ya raya maka zuri'a, ya bar maka lafiyar gaɓoɓinka har ƙarshen rayuwa. Allah ya haskaka kabarin Malam Garba, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara.

Wannan ƙarshen da biro nake rubuta shi, don da na kai nan takardar ta ƙi fitowa daga tafiretar, sai da na sa hannu biyu na ja. Ka yi haƙuri da karkacewar rubutun. Sau biyu yau na zo ƙofarka na koma kafin ka fita, kuma yanzu na gane yadda mutum zai buga wasiƙa sau goma sha ɗaya ya yaga. Baba Audu ya ce in ba shi ya ajiye maka a tebur in ba ka nan. Na ce a'a. Ga ƙarar motarka nan ta tsaya ƙarƙashin bedi. Da hannun hagu zan riƙo wasiƙar, ba don raini ba, ka gafarta mini, sai don in ka zo karɓa ka ga yatsun.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙaramar ma'aikaciyarka,
Saude Isa, ɗakin baya.