Ɗanyar Hanta a Gidan Gwaggo

Umdurman, Sudan, daren Juma'a, Disamba 1996

Yau Gwaggo Sa'adiyya, ƙanwar Baba da ke aure a nan, ta yanka mini rago don na zo hutu daga Kano. Kafin a ɗora tukunya sai ga faranti: hanta da huhu da tumbi, ɗanyu sharaf, an matse musu lemon tsami, an zuba albasa da barkono. Marara suke ce masa. Wai baƙo ke fara sa hannu.

Ni kuwa ƙaramin ciki gare ni, mijina kaɗai ya sani, kuma tun ɓarin bara likita ta ja mini kunne kan ɗanyen nama. Abin haushi, yawuna sai tsinkewa yake! Ga matar ɗan Gwaggo da tulelen cikinta tana ci tana lashe yatsu. Lemon ne ke dafa shi? Ko sabo ne? Na so in tambaya, amma tambayar za ta tona ni.

Na ce ban saba ba. Gwaggo ta miƙo mini yanka ɗaya, sai ta ga hannuna dafe da marata. Ta janye. Can ta dawo da rabona a soye, har ya kusa ƙonewa.

A kunne ta ce, "Ci, ya bitti, 'yata. Ɗanyar sai kin dawo da goyo. Allah ya raba lafiya."

Har yanzu ina son sanin ɗanɗanon abin nan. Amma addu'ar ce ta hana ni barci. Ni kaina, don tsoro, ban taɓa furta ta ba.