Jajayen Takardun Mai Gam

Litinin, 3 ga Yuni

Shekara ashirin da shida ke nan da wani mai ɗinkin littattafai, yana tsaka da ɗinke mana juzu'i na goma sha tara, ya ɗago kai ya ce wai ya ji ana ƙera wata na'ura da za ta haɗiye laburare sukutum, ta tofar da mai tsaronsa. Na yi dariya har sai da na dafa kantar laburaren. Na ce ya mai da hankali kan zarensa. Tun daga nan kusan duk shekara sai wani ya kawo mini labarin cikin sabuwar riga, yau masinja, gobe mai tallar littattafai, jibi lauyan da ya dawo daga taro. Ni kuwa ina nan ina shafa gam.

Yau Yallaɓai, shugaban ofishin lauyoyinmu, ya kira ni. Ya nuna mini kujera, abin da ya fara tsorata ni ke nan. Shekara talatin da huɗu ina tsaron laburaren gidan nan, ban taɓa sanin laushin kujerar ba. Ya ce ranar Juma'a, ashirin da takwas ga wata, za a gama ɗaukar hoton littattafan hukunci duka a zuba a kwamfuta, mota ta kwashe takardun, ɗakin ya koma na taro. "Kai kuma, Baba, ka je ka huta. Ka yi mana ƙoƙari." Mutumin da ni na koya masa duba fihirisa tun gemu bai fito masa ba.

Na ce to, ranka ya daɗe. Da me zan ce?

Talata, 4 ga Yuni

Ban gaya wa uwar yara ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Masu aikin sun iso. Shugabarsu mace ce, sa'ar babbar 'yata, kowa Injiniya yake kiranta. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ɗora juzu'i na ɗaya a ƙarƙashin wata wuƙar inji ta datse masa ƙashin baya, ƙat. Na fita shan ruwa, alhali ba ƙishi nake ji ba.

Bari in rubuta aikina a nan, tunda ba mai tunawa da shi. Hukunci ba ya mutuwa a cikin littafi. Ko kotun sama ta soke shi shekara ashirin da suka wuce, yana nan kwance a shafinsa sumul, kamar mai barci. To duk sabon juzu'in da ya shigo sai in karance shi. In na ga an soke wani tsohon hukunci, sai in yanko 'yar jar takarda kamar tsawon yatsa, in rubuta inda aka soke shi, in manna a gefen tsohon. In bin sa kawai aka yi ko ambatonsa, farar takarda. Lauya na ganin ja yake janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Dalilin da suke ce mini Mai Gam ke nan a bayan idona, suna zaton ban sani ba.

Gobe da jibi ina asibiti, gwiwar nan.

Litinin, 10 ga Yuni

Kwali ne a bakin ƙofa. Na zaci shara ce, sai na ga rubutuna.

Injiniya ta ce, "Baba, 'yan takardun nan naka suna toshe mana na'ura, dole muka bi duka juzu'an muka ɓamɓare. Amma ban yarda a zubar ba, na ga aikin hannu ne." Tana murmushi, tana jiran in gode.

Na ɗauki ja guda. "An soke. Duba juzu'i na 41, shafi 212." Me aka soke? Takardar ba ta faɗa ba. Na ɗauki wata, haka. Wata, haka. Shekara talatin da huɗu ban taɓa rubuta sunan hukuncin da ya mutu a jikin takardar ba, ko lambar shafinsa. Don me zan rubuta? Gam ne yake faɗin wannan. Inda na manna ta, nan take nufi.

Na zauna a ƙasa, da gwiwar da likita ya ce kada in lanƙwasa. Ba laifin yarinyar mutane ba ne, abin da ya fi cin raina ke nan. Na so ƙwarai in sami wanda zan yi wa faɗa.

Talata, 11 ga Yuni

Na ware su. Farare sun haura dubu uku, ban iya ƙarasa ƙirga su ba. Jajaye ɗari huɗu da goma sha biyu.

Hanya ɗaya ce. In bi lambar da ke kan takarda, in karanta hukuncin da ya yi kisan, in gano wanda ya kashe. Wani alƙalin yana faɗa a shafin farko, Allah ya saka masa. Wani sai ya yi shafi talatin yana zagaye kamar mai neman aure. Yau na gano goma sha bakwai. In ban yi talatin kullum ba, ba zan kai ba.

Laraba, 12 ga Yuni

Na tare Yallaɓai a matakala. Ya saurare ni yana duba wayarsa. "Baba, manhajar da muka ɗauka tana nuna wannan da kanta. Ka kwantar da hankalinka."

Na koma na tambayi Injiniya ko gaskiya ne. Ta waiga ƙofa tukuna. Ta ce daga juzu'i na ɗari da tamanin zuwa sama, e. Abin da ke ƙasa da nan ba wanda ya taɓa shigar da shi. Na ce ta gaya masa mana. Ta ce, "Ni hoto aka turo ni ɗauka, Baba."

Ta nuna mini wani ɗan fili a allon kwamfutar, gefen kowane hukunci, wai nan ake rubuta gargaɗi. Na ce ni da abin nan ba ma ga maciji. Ina rubuta nawa a littafin makaranta mai layi. Wa zai karanta shi bayan na tafi, ban sani ba.

Juma'a, 14 ga Yuni

Saba'in da ɗaya. Idona na ruwa.

Litinin, 17 ga Yuni

Dogo, ɗaya daga cikin ƙananan lauyoyinmu, ya leƙo yana fara'a. "Baba Mai Gam," har a gabana yanzu, "minti biyu na samo abin da da sai mun wuni muna hawan tsani." Yana kare wata mata da mai gidan haya ya cire wa rufin ɗaki, jibi za su shiga kotu. Na ce wane hukunci ka samu? Ya ce na juzu'i na hamsin da takwas.

Na san shafin nan. Yana hannun dama, akwai ɗigon tawada a ƙasansa, kuma akwai ja a gefensa. Na ce, "Wannan gawa ce, ɗana." Ya ce kwamfuta ba ta ce ba. Na ce ni na ce. Ya ce, "To wa ya kashe shi, a ina?" Na manta. Abin da ya sa nake rubutawa ke nan tun farko, don kada in dogara da kan nan.

Na baza jajayen a kan teburi na bi su ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Juzu'i na casa'in da huɗu, shafi na bakwai. Na kai masa. Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa a zaune. Bai yi godiya ba. Cewa ya yi, "Irin wannan saura nawa a ciki?" Na ce sun fi ɗari uku. Ya kama kansa da hannu biyu.

Da ban kasance a ɗakin ba fa? Matar nan da ruwan sama a kanta, lauyanta ya je gaban alƙali da gawa a kafaɗa.

Yau tara kacal na yi.

Talata, 18 ga Yuni

Da safe uwar yara na miƙo mini riga ta ce, "Yaushe za su sallame ka?" Na ce wa ya gaya miki? Ta ce, "Malam, shekara talatin ina kankare gam a hannun rigarka. Sati biyu ke nan ban ga ko ɗigo ba." Na gaya mata komai. Ba ta yi kuka ba, ta dai tambayi inda zan riƙa zama da rana, don ita ba ta son mutum a tsakar gida lokacin shara.

Laraba, 19 ga Yuni

Na zauna gaban abin. Ba don ina so ba. Dogo ne ya ɗauki littafina mai layi ya ce, "Baba, in wannan ya ɓata fa?"

Injiniya ta ja kujera kusa da ni. Yatsa biyu. Haruffan ba a jere suke ba, wanda ya shirya su bai yi makaranta ba. Minti goma sha ɗaya na yi ina rubuta layi ɗaya, na taɓa wani abu, ya ɓace. Na ce mata na rantse ban yi komai ba. Ta yi dariya har ta share ido, ta danna, ya dawo. Wai ba ya ɓacewa da gaske. Da ma takarduna haka suke.

Juma'a, 21 ga Yuni

Ɗari da sittin da takwas, kuma rabi ba su shiga kwamfuta ba. Saura kwana biyar na aiki. Ba zan kai ba, na sani. Na yi lissafin sau uku ko zai canza ra'ayi.

Akwai kuma guda ashirin da bakwai da ba su ce komai ba sai "An soke". Rubutun ƙuruciyata ne, mai lanƙwasa, lokacin da nake ganin ba zan taɓa mantuwa ba. In da zan gamu da saurayin nan sai na ja masa kunne.

Litinin, 24 ga Yuni

Ina gunaguni, ina gaya wa Injiniya cewa ko jar takardar ma mai arha suka riƙa saya mini, mai zuba, duk ta ɓata mini gefen shafuka. Sau nawa na kai ƙara a kan haka. Ta daina danne-dannenta. "Zuba take yi?" Ta buɗe hoton shafin nan na juzu'i na hamsin da takwas, ta ƙara masa girma. Ga shi nan a gefe, tabo ja-ja kamar sawun yatsa.

Ta ce in ba ta zuwa gobe. Ban tambaye ta me za ta yi ba, don kada in sa rai.

Talata, 25 ga Yuni

Ta sa na'urar ta bi shafuka duka ta tsinto masu jan tabo. Ɗari huɗu da talatin da ɗaya. Sun fi takardun kwalin yawa, ashe wasu sun faɗi tun shekaru ban sani ba. Ta sa wa kowanne gargaɗi: "Hattara, an soke." Awa ɗaya ya ɗauke ta.

Awa ɗaya. Na rasa ko murna zan yi ko in kwanta.

Amma na'urar ba ta san wanda ya yi kisan ba, kuma lauya ba ya zuwa gaban alƙali ya ce tabo ne ya gaya masa. Wannan sai an karanta. Ta ce, "Nan kam naka ne, Baba." Na ce ai na sani. Na ɗan ɗaga murya, ban yi niyya ba.

Alhamis, 27 ga Yuni

Ɗari biyu da casa'in, duka a ciki. Yatsa huɗu yanzu, amma kada a ji.

Matar nan ta Dogo ta yi nasara. Masinja ne ya gaya mini, ba shi ba.

Litinin, 1 ga Yuli

Motar ta zo ranar Juma'a da hantsi. Ban tsaya kallo ba. Yallaɓai ya yi jawabi, ya ba ni agogon bango, wai don in riƙa sanin lokaci yanzu da ba inda za ni. Kwalin na ɗauko shi, ba wanda ya hana ni.

Dogo ya biyo ni har bakin titi ya cusa mini wata takarda a aljihu. Kalmar sirrin shiga manhajar ofis ce. Ya ce ba wanda zai tuna ya rufe ta. Na ce me zan yi da ita, ni da aka ce in huta? Yanzu dai tsohuwar kwamfutar 'yata tana kan teburin da ke bakin taga. Uwar yara ce ta sa aka kawo, ba ni ba. Saura ɗari da arba'in da ɗaya. Na yi shida tun safe, don kawai in ga ko tana aiki. Daga yau ina rubuta sunan mamacin da shafinsa a kan kowace takarda, ko da ba mai dubawa.

Wani abu na ranar Juma'a da ban rubuta ba. Injiniya na naɗe wayoyinta, ta tsaya da ɗaya a hannu ta ce, "Baba, ka ji wai kamfaninmu zai kawo wata na'ura da ke buɗe shafi da kanta, ta karanta, ta jera? Wai ba sai da mutum a gefe ba." Ta yi 'yar dariya. "Ni dai ban yarda ba."

Sai na ce ta kula da wayar, tana jan ƙasa.

Labarin nan dai mai ɗinkin littattafai ne ya fara kawo mini shi. Wadda ta gaya mini a ƙarshe kuwa, Injiniya ce.