Ƙishi Iya Ta Ce, Ba Kishi Ba

Zuwa ga Shugaban cibiyar binciken zamantakewa da ta kawo ordinatoci, wato kwamfutoci, lise ɗinmu, makarantar sakandare a Zinder,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa, ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba. Ni ɗaliba ce 'yar shekara goma sha bakwai, irin masu zama a bencin baya. Ko mushe, malaminmu, ne ya kira sunana a kilas sai in sunkuyar da kai. Da a gabanka aka tsayar da ni, wallahi ko kalma ɗaya ba za ta fito ba. Shi ya sa na rubuta, kuma na fitar da ita fili, don na gaji da aikawa a ɓoye ba amsa.

Na farko, yadda abin ya faro. Bayan hutun sallah kun turo mana wata madam da ordinatoci. Ta ce daga yanzu da na'ura za a koya mana tarihi da zamantakewa, kuma mu ma za mu taya ku bincike. Kowane ɗalibi zai sami tsoho a gidansu ya tambaye shi abin da ya raba shi da ƙauye ya kawo shi birni. A ɗauki muryar a waya, a buga da Hausa a ordinata, na'ura ta juya zuwa Faransanci, sai a ɗora a shafinku na intanet. Na yi murna sosai. Ni mai karanta littattafan soyayya ce, ba zan ɓoye ba, kuma na daɗe ina mafarkin in ga abin da hannuna ya rubuta wani yana karantawa.

Kakata na zaɓa, mahaifiyar babanmu, muna ce mata Iya. Sai da na yi kwana uku ina lallashinta, tana cewa, "Ke tafi can, ni ba na magana da ƙarfe." Da ta yarda, ta ba ni labarin ƙauyensu na wajen Hamdara, shekarar da rijiyoyi suka ƙafe. Yadda suke sammako da tulu su dawo rana tsaka da ruwa mai laka, yadda awakinta suka mutu ɗaya bayan ɗaya, yadda ta goya babanmu yana jariri suka kamo hanya da ƙafa. Ta rufe da cewa, "Ƙishi ne ya kore mu, ba wani abu ba." Muryar tana nan a wayar yayata, duk mai shakka ya zo ya saurara.

Na biyu, maɓallan ordinatocinku. Akwai duk baƙaƙen Faransanci masu hula da masu wutsiya, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Na lura tun ranar farko, sai dai kunya ta hana ni magana har kwana biyu. Da na daure na je wurin madam, ko kallona ba ta yi sosai ba, ta ce, "Buga haka nan, na'urar za ta gane." Na buga haka nan. Mu huɗu ne a ordinata ɗaya, sau biyu kuran, wato wutar lantarki, yana ɗaukewa aikin ya goge, sai a na uku ya tsaya. Da na zo ɗora muryar Iya, rezo na intanet ya ƙi ja, aka ce ta yi nauyi, a bar ta. Ke nan rubutun kaɗai ya tafi, kuma a rubutun ƙishi ya zama kishi.

Na uku, abin da ya fito a shafinku. Da Faransanci an rubuta cewa wannan tsohuwa ta bar ƙauyensu saboda kishi. An sa hotonta da na haɗa da aikin a sama, alhali an ce mana ba za a sa ba. Wani mai bincikenku ma, wanda bai taɓa ganinta ba, ya jefa labarin cikin kason rikicin iyali, har da ƙarin bayani nasa. Ranka ya daɗe, bai karanta maganar rijiyoyi da matattun awaki da ke saman layin ba ne? Wane irin kishi ne ke kashe akuya?

Ba ni kaɗai ba ce. Kakan ƙawata Ramatu ya ce baƙi sun cika garinsu, na'urar ta mai da su bakin cin tuwo. Nata dariya aka yi aka wuce. Nawa ba na dariya ba ne.

Na huɗu, abin da hakan ya jawo mini. Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Yamai ya gani, ya tura wa dangi duka ta waya. Baffana ya kira babanmu yana faɗa, wai an zubar da mutuncin uwarsu da na mahaifinsu da ke kabari. A kilas kuma mushenmu na tarihi ya karanta shi a gaban kowa a matsayin misalin binciken banza, ya ce, "Ga abin da karatun soyayya ke haifarwa, har kakarki kin sa wa kishi a baki." Aka fashe da dariya. Na san amsar, tana bakina, amma sai hawaye suka riga ta. Yanzu 'Yar Kishi ake kirana har a bakin ƙofar lise. Babanmu ya kwashe littattafaina duka, waɗanda na yi shekara uku ina tarawa daga hannun 'yan Kano a kasuwa, ya kulle a akwatinsa. Su littattafan ba su yi laifin komai ba. Ni ma na san bambancin kishi da ƙishi tun ina firamare.

Duk wannan da sauƙi a kan na Iya. Da aka fassara mata, sai ta ce, "Ni da na sha ruwan da jaki ya sunsuna ya ƙi, yau ni ce mai kishi?" Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni.

Na biyar, na nemi gyara. Shugaban lise ya ce ba aikinsa ba ne, naku ne. Madam ba ta sake dawowa ba. Wurin koke na shafinku da Faransanci yake, na cika shi sau uku a ranakun Laraba da ake buɗe mana ɗakin ordinata. Sau ɗaya rezo ya yanke, sau biyu ya tafi. Yau mako shida, shiru.

Ga abin da nake roƙo. A cire hoton Iya, a gyara kalmar, a fitar da labarinta daga kason da aka jefa shi. A rubuto wa lise ɗinmu takarda cewa kuskuren ba nawa ba ne, a karanta a kilas ɗin da aka yi mini dariya, a ba ni kwafi in kai wa babanmu. A sa mana baƙaƙenmu a ordinatocin, an ce mini ba wani abu mai wuya ba ne. Kuma kafin a sake ɗora maganar wani tsoho, a sami ɗan'adam mai jin Hausa ya karanta.

Roƙona na ƙarshe ya fi su duka. Iya ba ta karatu, gyaran da ke intanet ba zai isa kunnenta ba. Ku turo mutum, ko madam ɗin ce, ta zo gidanmu ta zauna a tabarma ta ba ta haƙuri da Hausa. Rabin labarin kawai na ɗauka. Yadda suka iso Zinder, da wanda ya ba su masauki, da yadda ta fara sana'a, ta ce sai wani zama. Yanzu ko na shiga ɗakinta hannu wofi, sai ta tambaye ni ina na ɓoye wayar. Ta tsufa, ranka ya daɗe, ga ciwon ƙafa ga na ƙirji, kuma duk danginmu ba wanda ya san sauran sai ita. Don Allah kada ku ƙara wasu makonni shida.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa bincikenku ya amfani mutanen da kuke bincika.

Wassalam.

Taku cikin ladabi,
Hadiza, jikar Iya